Ƙuri'ar Famfo

Rijiyar gidan da muke haya a Panshekara ba rana ɗaya ta lalace ba. Lokacin da aka kawo ni amarya ruwanta garai-garai yake, har daga maƙwabta ake zuwa ɗiba. Sannu a hankali ya fara ɗanɗanon ƙarfe, sai ya soma wari, daga baya in ya kwana a randa sai ka tarar wani maiƙo ya taru a kansa. Mu da ke gidan ba mu ankara da wuri ba, gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai baƙo ya zo, ka miƙa masa kofi, ya kurɓa, ka ga ya ajiye yana cewa ai dama ba ya jin ƙishirwa.

Gidan yana bakin gari ta ɓangaren Challawa, a inda ake kira unguwar 'yan kamfani. Ta bayan katangarmu wata ƙatuwar kwata ta wuce, ita ke kwasar ruwan kamfanonin fata da na masaƙu ta kai kogi. Yau ja, gobe kore, jibi baƙi ƙirin. Mijina a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun yake aiki. Hannuwansa daga yatsu har wuyan hannu shuɗi ne, shuɗin da ya shige ƙarƙashin farce ya zauna daram. Ana ba su safar hannu, amma kafin wata ya raba ta yage, sai kuma ranar da aka ga damar ba su wata. Haka duk mazan sashensu suke. In suka jeru suna alwala a masallacin unguwa, ba sai an gaya maka inda suke aiki ba.

'Yata ta fari tana cikin shekara ta uku lokacin da gudawa ta kama ta. Ta tsaya, ta dawo, ta tsaya, ta dawo. Ƙuraje suka feso mata a baki da bayan kunne. Yarinyar da ke bin kaji da gudu a tsakar gida ta koma sai zama, ta jingina da bango tana bin mutane da ido. Na goya ta zuwa asibiti, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta tambaye ni ruwan da muke sha. Na gaya mata. Ta ce, "To ku canza ruwa." Haka ta faɗa, kamar ruwa zane ne da zan buɗe adaka in ɗauko wani.

Babu abin da ban yi ba. Na tafasa, na tace da farin ƙyalle, na jefa alif don ya kwanta. Laka ce ke kwantawa, abin da ke cikin ruwan nan ba laka ba ne. 'Yan garuwa ba sa son zuwa unguwarmu saboda nisa, in ma sun zo, albashin leburan rini bai kai a sha ruwan saye kullum ba. Maza su a kamfani suke shan famfo su ƙoshi, masu gadi kuma ba sa bari a fito da jarka. Mu da yara aka bar wa rijiya.

A daminar da aka yi zaɓe na biyu na farar hula, sai ga manyan motoci sun sauke bututan famfo a mararrabar da ta raba unguwarmu da cikin gari. Na je da ƙafata na taɓa su. Wanda aka bai wa kwangilar wani Alhaji ne, kuma shi ke takarar majalisar jiha a yankinmu. Ya zo kamfen, ya hau bayan a-kori-kura da lasifika, bai tsaya kwana-kwana ba. Ya ce bututun bai isa ɓangare biyu ba. Akwatin da ya fi ba shi ƙuri'a, na cikin gari ko na 'yan kamfani, can famfo zai nufa. Wasu suka ce wannan rashin kunya ne. Ni kuwa na ji daɗi da ya faɗa ƙarara, gara a gaya maka farashi da a bar ka kana zato.

Matsalar ita ce Alhaji ba ɗan jam'iyyarmu ba ne. Mutanen cikin gari galibi suna inda masu gari suke, jam'iyyar da mijina ke kira ta masu manyan riguna, kuma a nan Alhaji yake. Unguwarmu kuwa kusan kowa ɗan ɗaya jam'iyyar ne, wadda ma'aikata da talakawa ke ganin tasu ce. Mijina ba goyon baya kawai yake yi ba, gado ya yi. Tun zamanin siyasar farko aka ɗaure mahaifinsa a ƙofar gidan dagaci aka zane shi saboda katin jam'iyya, kuma mijina yana tsaye yana kallo. In ana hirar siyasa a rediyo har amsa musu yake yi, yana nuna akwatin rediyon da shuɗin yatsansa. Mutum ne mai sanyin hali a kan komai, ban da wannan.

Na fara da lallashi. Ya ce in bar maganar. Na sake, ya ce mata ba su san siyasa ba. Na ce gaskiya ne, amma mun san wanke zanen gudawa. Ran nan da ya dawo daga aikin safe, na ajiye masa tuwo, na ɗebo ruwa kai tsaye daga guga, ban tafasa ba ban tace ba, na dire masa kofin a gabansa.

Ya kalli kofin ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Malam, sha za ka yi. Abin da 'yarka ke sha ne."

"Ke, ba na son fitina."

"Ni ma ba na so. Baba Allah ya ji ƙansa, ya sha bulala ya tashi ya ci gaba da nomansa. Ita wannan in ta kwanta ba lallai ta tashi ba."

Na san na taɓa inda ba a taɓawa. Ya daɗe yana kallon yarinyar, tana kwance a tabarma ƙudaje na bin bakinta. Bai sha ruwan ba, bai ci tuwon ba. Da zai tashi ya ce, "Na majalisar jiha kaɗai. Sauran kada ki sa mini baki." Na ce na yarda, sauran ya jefa wa wanda ya ga dama.

A wancan lokacin ba rana ɗaya ake yin zaɓe ba. Asabar bayan Asabar ake yi, yau na wannan kujera, mako mai zuwa na waccan, kuma na majalisar jiha shi ne na ƙarshe. In ka je rumfa za a duba katinka, ka dangwala babban yatsa a tawada ka buga a takarda, sannan a shafa maka wata tawadar a gindin farce don kada ka sake dawowa a ranar.

Asabar ta farko muka tafi tare, ni layin mata, shi layin maza. Rumfarmu a makarantar firamare take. Malamin zaɓen wani matashi ne da aka turo daga birni, da gani bai taɓa zama kusa da masaƙa ba. Layi ya zo kan mijina, ya miƙa kati, malamin ya kama hannunsa ya juya.

Ya ce, "Malam, ai kai ka riga ka yi."

Mijina ya ce, "Yanzu na zo. Rini ne, aikina ke nan." Ya ɗaga ɗaya hannun ya nuna masa.

Da alama malamin ya so ya yarda. Sai wani ajan, wato wakilin jam'iyya, da ke zaune a benci ya miƙe ya ce ai wannan tsohuwar dabara ce, mutum ya yi zaɓe a wata rumfa ya shafe hannu da shuni ya zo nan ya sake. Ya ce doka ta hana mai tawada a yatsa, in aka bar mutum ɗaya shi ba zai sa hannu a sakamako ba. Ajan ɗin nan na jam'iyyar Alhaji ne. Ya san unguwarmu ba tasu ba ce, don haka duk shuɗin hannun da aka kora riba ce a wurinsa. Aka yi ta hayaniya, ɗan sanda ya matso da kulki. A ranar duk mazan sashen rini da suka zo haka aka sallamo su, suka tsaya a gindin darbejiya suna kallon hannuwansu.

A hanyar komawa na lura da tafiyar mijina. Ransa ya ɓaci da aka hana shi zaɓar mutanensa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani sauƙi a kafaɗarsa da ban so ba. Ya ce, "To kin gani, rijiya ta bayar guga ya hana." Wato in ranar Alhaji ta zo aka sake korarsa, ya fita hakkina kuma bai ci amanar ubansa ba. Na ji kamar in zauna a tsakiyar hanya in yi ta kuka. Na ce masa hannu dai ba da shuɗi aka haife shi ba.

Daga ranar na hau yatsan nan da wanki. Lemun tsami, toka, kananzir, dutsen goge kaushi, sabulun salo. Kowace yamma sai ya zauna a turmi ya miƙo hannu, ina gurza yana cije baki. Yatsan ya ɗan yi haske, washegari ya koma aiki ya dawo da shi sabo fil. Na ce ya nemi hutu. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. A shekarar kamfanoni a Sharaɗa da Bompai sai rage ma'aikata suke yi, wai babu kayan aiki daga waje. Kullum da safe mutane na tsaye a bakin get suna jiran wani ya makara. Ya roƙi fomansu, shugaban sashensu, a mayar da shi sashen ninke atamfa na ɗan lokaci, foman ya ce in ya gaji da rini ya faɗa. Sauran Asabar ɗin duk ya je, duk aka koro shi.

Da na ga maza ba abin dogaro ba ne, sai na juya kan mata. Maƙwabciyata ta ɗakin ƙarshe Kirista ce daga kudancin Zariya, tana aikin naɗe alewa a Bompai, tana da yara maza biyu da su ma ciki ke damunsu. Ita jam'iyyarta daban ce da tamu da ta Alhaji duka. Da na je mata da maganar ta ce, "'Yar'uwa, jam'iyya ba ta taɓa zuwa ta taya ni jinya ba. Ɗauko mayafinki." Muka dinga shiga gida-gida. Wata ta ce maigidan ya hana ta fita. Wata ta ce katinta na wurinsa, shi kuma ya tafi ƙauye noma, don a daminar rabin mazan unguwa da aka sallama daga aiki sun koma gona. 'Yan Nijar ba su da kati, kuma a shekarar da aka kori baƙin haure ba sa son a ga fuskarsu kusa da layin hukuma. Wata dattijuwa ta ce ita da ta jefa wa masu manyan riguna gara ta sha kwatar da kanta. Na ce ai ita muke sha, Iya, ba ki lura ba ne. Da yawa kuwa gajiya kawai suka yi. An fita an fita, rediyo na faɗin sakamakon da ba wanda ya gane inda aka samo shi, sai mutane suka ce ko ka je ko ba ka je ba an riga an rubuta.

Waɗanda suka amsa za su fita, mun roƙe su abu ɗaya, kada wadda ta ƙunsa lalle. Muka ba su labarin abin da ya sami mazan rini. Amma matar da ba ta fita sai biki ko suna, ka ce ta shiga taro da farin hannu? Wata amarya ta ce mini ita ba takaba take yi ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe mijina ya dawo da wani ɗan gwangwani a aljihu. Ruwan soda ne, irin wanda suke cire launi daga yadin da rini ya ɓaci. Ban tambaye shi ba, ban kuma ce ya kawo ba. Ya zauna a bakin ƙofa bayan la'asar, ya tsoma babban yatsansa na dama a ciki, ya kawar da kai. Na ga gumi na tsattsafo masa a goshi. Na ce ya isa. Ya ciro ya duba, ya ce da saura a gindin farce, ya mayar. Da ya ciro na ƙarshe shuɗin ya tafi, fatar ma ta bi shi. Yatsan ya yi fari fat, sannan ya koma ja, ruwa na tsiyaya. Na shafa masa man kaɗanya na naɗe da tsumma. Ni na matsa masa, kuma da za a mayar da ni ranar da zan sake matsa masa, amma ganin yatsan nan ya sa na kasa cin abinci. Abokan aikinsa biyu da suka zo gwadawa, suna ganin nasa suka ce famfon ya daɗe bai zo ba.

Asabar ta waye da ruwan sama. Na goya yarinyar, na lulluɓe ta da leda, muka fita. Filin makarantar da ya cika maƙil a makon farko yanzu awaki ne suka fake a barandarsa. Layin mata bai kai bakin aji na biyu ba. Ina tsaye ina kallo aka kori amaryar nan da ƙawayenta, lallensu ya kama ya yi baƙi har farce, ajan ya ce tawada ce. Maƙwabciyata ta yi ta masifa da Hausa da Turanci, ba wanda ya kula ta. Na matsa kusa da ajan ɗin na ce, "Bawan Allah, waɗannan fa Alhajinka suka zo jefa wa." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "'Yan kamfani? Hajiya, je ki yi naki ki tafi gida."

Da layi ya zo kan mijina ya warware tsumman ya miƙa hannu. Malamin zaɓen ya gane shi, ya kalli yatsan, ya yi saurin ɗauke ido. Ajan ya leƙo, ya koma bencinsa. Aka tura masa tawada. Na ga lokacin da ya danna ɗanyen naman nan a kai, idonsa ya rufe, ya ja numfashi ta haƙora. Ya shiga bayan labule ya fito, ya jefa takardar.

A hanya ban yi niyyar tambayarsa ba, amma bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Malam, an yi?"

Ya ce, "Na yi masa. Kada ki sake tambayata har abada."

Ban sake ba. Daga ranar kuma ban ƙara jin ya amsa wa rediyo ba.

Da yamma aka zazzage akwatinmu a kan tebur, ana ƙirgawa a gaban kowa. Takardun ko rabin tebur ba su rufe ba, kuma a cikinsu ma na Alhaji ba su fi yawa ba. Cikin gari kuwa an fita, masu unguwa sun bi gida-gida sun fito da kowa. Alhaji ya ci zaɓe. Bayan 'yan makonni leburori suka zo mararraba suka fara haƙa, ramin ya nufi cikin gari.

Na goya yarinyar na je gidan Alhaji a Nassarawa. Na wuni a ƙofa tare da masu neman aiki da masu neman taimako. Wani yaronsa ya fito, na kwance goyon na nuna masa bakinta, na ce mijina ya ƙone yatsansa don ya jefa musu ƙuri'a. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma Alhaji ya faɗa a gaban kowa, kuma akwati ya yi magana. Na ce to ko reshe ɗaya, ko kan famfo ɗaya a bakin masallaci. Ya ce a yi haƙuri sai zagaye na gaba.

Yatsan mijina ya yi ruwa ya kumbura, da shi yake shiga rini kullum, ya naɗe da leda. Yarinyar kuwa ta daina kuka, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Ƙafafunta suka fara kumburi. Ga shi ina da ƙaramin ciki, in na sunkuya jan guga sai in tuna akwai wani mai shan ruwan nan da bai ma zo duniya ba.

Bayan an yi girbin gero surukata ta zo daga ƙauye. Wani ne ya kai mata labari. Ta zauna a tabarma ta ɗauki jikarta, ta buɗe mata ido, ta danna ƙafarta da yatsa ta ga wurin ya lotsa. Ba ta yi faɗa ba.

Ta ce, "Gobe zan koma, da ita zan tafi."

Na ce, "Inna, ku bar ni in biyo ku, ko na wata ɗaya ne."

Ta ce, "Ke ki zauna ɗakin mijinki. Wa zai dafa masa, wa zai wanke masa hannun nan? Rijiyarmu lafiyarta ƙalau. In Allah ya yi mata kwana za ki gan ta."

Na kalli mijina ko zai ce wani abu. Kansa na ƙasa. Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san in yarinya ta tafi wurin kaka a wannan shekarun ba dawowa take yi ba, can za ta girma, can za a aurar da ita. Na ji tsanar unguwar nan da kwatarta da Alhaji da jam'iyyun duka, har da kaina da ba ni da inda zan kai 'yata ta sha ruwa.

Da safe na yi mata wanka, na sa mata rigarta ta salla da ta yi mata yawa yanzu. Na ƙulle sauran kayanta a ɗankwali. Muka raka su tasha. Inna ta karɓe ta daga bayana ta goya, yarinyar ba ta yi gardama ba, ta kwantar da kai kawai. Da za su shiga mota na miƙa wa Inna kwalbar ruwa, na ce saboda hanya, tana yawan jin ƙishirwa. Tun da asuba na tafasa shi, na tace sau biyu.

Inna ta karɓa, ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken rana, ta buɗe ta sansana. Sai ta sunkuya ta tsiyaye shi a ƙasa gaba ɗaya, ta miƙo mini kwalbar.

Ta ce, "Za ta iya haƙuri har mu isa."